Na shiga tseren tiriyatlon ban shirya ba, na gama da ƙyar. Jarumta ce ko wauta?

Ɗan_Birni84:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Wasunku sun ga hoton lambar da na ɗora kwana goma da suka wuce, kun yi ta yi mini barka, na gode. Amma hoton bai faɗi komai ba, kuma maganar tana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na kawo ta nan.

Wurin aikinmu ne suka tura ni kwas na wata guda a Maroko. Tun saura wata huɗu in tafi na ga akwai tseren tiriyatlon na ƴan sha'awa a wani gari na bakin teku kusa da inda za mu zauna, sai na biya kuɗin rajista. Ga wanda bai san shi ba, iyo ne da keke da gudu a jere, agogo ba ya tsayawa. Wanda na shiga shi ne tsawon Olamfik: iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10.

Na zana jadawalin atisaye na manna a bayan ƙofar ɗaki. Mako biyu na bi shi. Sai azumi ya kama, bayan salla zafi ya sauko, kun san Damagaram a watan Afrilu, ga aiki, ga ƙaramin yarona ba lafiya. A keke sau uku kacal na je Mirya na dawo. Gudu mafi tsawo da na yi kilomita 7 ne. Iyo kuwa sau biyar, a ɗan pisin ɗin wani otal wanda in ka tura bango da ƙafa ka yi hannu shida ka isa ƙarshe.

Na gama tseren cikin awa 4 da minti 20. Mutum biyu ne kawai a bayana. Uwargida ta ce wannan ba nasara ba ce, rainin hankali ne, don na kusa mayar da ita mai takaba a kan lambar ƙarfe. Ni kuma zuciyata tana raya mini in shiga mafi tsawo nan da wata biyar. Me kuka gani?

KabuKabu_Dole:
Alhaji ka biya kuɗi, ka hau jirgi, don ka je ka wahala? Da ka faɗa mini da na ba ka moto ka tura daga Zango zuwa Birni tsakar rana, kyauta.

Baƙon_Kano:
Ku yi haƙuri, mene ne pisin?

Malam_Lakwal:
Kwamin ninkaya, ɗan'uwa. Bakin Faransa ne ya bi mu. Ɗan_Birni, ba mu labarin ruwan tukuna, don ina jin a nan ƙurar take.

Ɗan_Birni84:
A nan take kuwa, Malam. Ƙarfe 8 na safe muka tsaya a bakin yashi. Wani abokin kwas ya ara mini rigar roba ta iyo, ban taɓa sa irinta ba sai ran nan, ta matse mini ƙirji kamar an ɗaure bakin buhu. Aka busa usur, mutane suka ruga. Ban yi mita 200 ba wani ya sakar mini diddige a baki, tabarau ya goce ya cika da ruwa. Sanyin tekun ya ƙwace mini numfashi, ina ja ba ya shiga. Na sa kai ƙasa, babu farin daɓen da na saba gani a pisin, kore ne kawai, ƙarƙashinsa duhu. Na ɗago in sha iska, igiyar ruwa ta mare ni, na kurɓi gishiri sau uku a jere. Wallahi a wurin na yi kalmar shahada.

Akwai masu tsaro a ƙananan kwale-kwale. Na ɗaga hannu, wani yaro matashi ya matso, na riƙe hancin kwale-kwalensa. Doka ta yarda ka riƙe ka huta muddin bai ja ka gaba ba. Ya tambaye ni ko zan fita. Na kalli gaɓa, mutane sun zama ƙanana kamar tururuwa. Na ce a'a. Har yau ban san abin da ya sa na ce a'a ba. Na ƙarasa da iyon kwaɗo, in na gaji in juya rigingine in kalli sama. Yaron nan bai rabu da ni ba har gaɓa. Minti 55 na yi. Gwanaye kan yi shi cikin minti 18 ko ƙasa da haka.

Da na fito, wurin ajiye kekuna ya zama kamar kasuwa bayan ta watse, keken hayata yana rataye kusan shi kaɗai. Don ruɗewa na cafke shi ban ɗaure kaske ba, alƙali ya tsayar da ni, ya ce sai ka ɗaure hular kafin ka taɓa keke. Hannuna na rawa na kasa sa maɓallin, sai da na gwada sau huɗu.

Ƴar_Mirya:
Innalillahi. Yaya, ina karantawa gabana na faɗuwa. Ni ina bayan Anti ɗari bisa ɗari. Yara uku gare ka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohon_Soja:
Ni ban ga wauta ba. Namiji ya ɗauki alkawari da kansa ya cika. A horon soja ba a tambayarka ko ka shirya, jaka ake ɗora maka a ce tafi. Abin da ke kai mutum ƙarshe zuciya ce. Kun manta Hamadou Djibo Issaka? Ɗan ƙasar nan ne. Ya wakilci Nijar a tseren kwale-kwale na mutum ɗaya a Olamfik na Landan a 2012, wata uku kacal da fara koyon tuƙin. Shi ya zo na ƙarshe, amma filin nan kaf ya tashi yana yi masa tafi. Wa ya ce masa wawa?

Malam_Lakwal:
Baba, ranka ya daɗe, misalin ya yi kyau amma bai zauna daidai ba. Issaka a cikin kwale-kwale yake zaune, mita 2,000, a ruwa kwantacce, kuma shi ɗan ninkaya ne tun asali. Ko ya kife zai fito. In misali ake so, Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya fi kusa da ɗan'uwanmu. Shi ma a pisin ɗin otal ya koya, ya je Sidni a 2000 ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52, ya isa bango kamar zai nutse. To mita 100 ke nan, a kwami, idon duniya a kansa. Namu ya yi ninki 15 na wannan a cikin teku.

Lokotoro_227:
Bari in sa baki, don wannan fagen aikina ne. Tambayar da aka yi guda ce amma amsarta uku ce, domin wasannin uku ba haɗarinsu ɗaya ba.

Wanda bai shirya wa gudu ba zai taka da ƙafa. Wanda bai shirya wa keke ba zai sauka ya zauna a gindin bishiya. Wanda bai shirya wa ruwa ba ina zai zauna? Mafi yawan mutanen da suka rasu a tseren tiriyatlon a cikin iyo suka rasu, galibi maza masu matsakaitan shekaru, kuma wasunsu da ciwon zuciya ɓoyayye da ba su san da shi ba. Abin da ya same ka a mita 200 na farko sananne ne. Ruwan sanyi yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba, bugun zuciya ya tashi, ga cunkoso, ga riga ta matse ƙirji, sai firgita ta shigo. Shi ya sa ake shiga ruwan a jiƙa fuska da jiki minti kaɗan kafin a busa usur, kuma sabon shiga ya tsaya a baya ko a gefe ya bar masu sauri su wuce.

Baba Soja, da girmamawa, zuciyar da kake nufi daban, zuciyar da nake aunawa daban. Ta biyun ba ta jin kirari.

Ɗan_Birni, tambaya ɗaya, kuma ka faɗa mini gaskiya. Bayan tseren yaya launin fitsarinka?

Ɗan_Birni84:
Likita ka tona ni a gaban jama'a. Daren ranar da washegari kamar shayin da aka dafa sau ɗaya, baƙi-baƙi, kuma kaɗan. Cinyoyina suka kumbura. Kwana uku a zaune nake salla, sujada ta gagara. Bayan gida na tsuguno kuwa kada ma a yi maganarsa.

Lokotoro_227:
To ka ji. Ba zan yanke hukunci ta waya ba, amma wannan alama ce ta tsoka da ta farfashe saboda aikin da ya fi ƙarfinta. Abin da ke cikinta yana zuba cikin jini, ƙoda ce ke tace shi, kuma yana iya toshe ta. Ya fi kama wanda ya yi aiki mai tsanani ba tare da sabo ba, ga zafi ga ƙarancin ruwa a jiki. Ko da fitsarin ya washe yanzu, ka je a ɗebi jini a duba ƙoda cikin makon nan, a auna zuciya kuma. Me ka sha na ciwon jiki?

Ɗan_Birni84:
Diklofenak, biyu kafin tsere, biyu bayansa.

Lokotoro_227:
Subhanallahi. Irin wannan maganin da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ka haɗa su da bushewar jiki. Jama'a, duk mai wasan nisa ya kiyaye. Kuma tun kafin wani ya kawo shawarar tramol, a'a. Yana rufe maka ƙarar da jiki ke yi ne, ɓarnar tana nan tana ci.

MaiKeke_Zango:
Ni maganar keken ta dame ni. Mirya kilomita 18 ce, zuwa da dawowa 36, wato ko sau ɗaya ba ka taɓa yin 40 ɗin ba. Sannan ka hau keken haya wanda ba a daidaita maka sirdi ba. Sirdi in ya yi ƙasa gwiwa da cinya ne ke biya. Awa nawa ka yi?

Ɗan_Birni84:
Awa 1 da minti 50. Kilomita 25 na farko lafiya lau, har na wuce mutum biyar, na fara jin kaina. Daga nan kamar an zare mini fulogi. Ƙafa tana juyawa amma ba ƙarfi, idona yana ganin taurari. Dabino bakwai na sa a aljihu, su suka cece ni. Da na sauka zan fara gudu kuwa, ƙafafun kamar na aro. Na ce su tafi, suka ƙi. Kilomita 10 ɗin rabi tafiya rabi ɗingishi, awa 1 da minti 25. Wata tsohuwa Baturiya, furfura fal kanta, ta wuce ni tana ce mini in yi ƙoƙari.

MaiKeke_Zango:
Hahaha tsohuwar nan ta yi atisayenta ne. Abin da ya same ka a kilomita 25 duk mai keken nisa ya san shi. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta awa ɗaya da rabi zuwa biyu yake ɗaukar mutum in aikin da ƙarfi ne, kai kuma ka ƙone rabinsa a ruwa wajen kokawa da teku. Ba a jiran yunwa, tun hawa keke ake fara ci kaɗan-kaɗan. Nauyin ƙafa kuma maganinsa sabo: duk ranar da ka dawo daga Mirya, ka jingine keke ka sa takalmi ka yi gudun minti 10 ko 15 nan take. Mako shida ƙafar za ta gane.

Gwaggo_SabonGari:
Ni dai abin dariya abin haushi. Garin da muke kwana a layin famfo, muna sayen bido wajen ƴan ga-ruwa, a nan ne wani zai ce zai zama gwanin iyo? Ku fara samo mana na sha.

KabuKabu_Dole:
Gwaggo ta gama magana. Kuma in tiriyatlon ake nema a ba ɗan ga-ruwa lamba. Ya tura kura da bido goma cikin yashi tun asuba har azahar, ba dabino ba kaske.

Ɗan_Tanut:
Ai muna da ruwa, a tahi Gidimuni a hanyar Gure, tabki ne babba. Mu da muna yara da damina a tabkunan gari muka koyi iyo, ba wanda ya koya muna, kuma ga mu lahiya.

Ƴar_Mirya:
Ga ku lafiya ku da kuka rayu. Kowace damina sai an ciro yaro daga tabki, kowa a zauren nan ya san gidan da aka yi wannan makoki.

Lokotoro_227:
Ga kuma tsargiya. Ruwan tabki da ke kwance akwai dodon koɗin da ke ɗauke da ita, tsutsar ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Da yawa cikin masu cewa sun koyi iyo a tabki sun yi fitsarin jini suna yara aka ce musu alamar girma ce. Tana da magani, amma ban ba kowa shawarar ya mayar da tabki filin atisaye ba.

Ustaz_GarinMalam:
Iyo kansa abin so ne, ana danganta wa Sayyadina Umar umarnin a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Amma Alƙur'ani ya hana mutum jefa kansa cikin halaka da hannunsa. Ɗan'uwa, lokacin da yaron kwale-kwalen ya tambaye ka, ka tabbata don cika alkawari ka ce a'a, ko don hoton da za ka ɗora mana? Ba sai ka amsa a nan ba.

Ɗan_Birni84:
Zan amsa, Malam. Na riga na faɗa wa duk ofis da duk dangi. Kunyar dawowa hannu rabbana ta fi tsoron ruwan ƙarfi a lokacin. Wannan ita ce gaskiya.

Baƙon_Kano:
Ni fa na faɗa wa abokaina wani Bahaushe ɗan Damagaram ya yi Ironman. Ashe ba shi ba ne?

Malam_Lakwal:
Je ka gyara musu. Ironman iyo kilomita 3.8 ne, keke 180, sannan gudun fanfalaki cikakke, kilomita 42 da ɗoriya, kuma bisa al'ada awa 17 ake ba mutum ya gama. A Hawai aka fara shi a 1978, mutum 15 suka tashi, 12 suka gama, na farko ya yi awa 11 da minti 46. Tiriyatlon na zamani kuwa ya girme shi, a San Diyego ta Amurka aka yi shi a 1974, ya shiga Olamfik a 2000. Wanda Ɗan_Birni ke hange nan da wata biyar ina jin rabin Ironman ne, ko?

Ɗan_Birni84:
Shi ne. Iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.

Ƴar_Mirya:
Yaya!! Wallahi sai na kira Anti yanzu.

Tsohon_Soja:
Ku bar yaro ya yi numfashi. Na ji bayanin Likita kuma na karɓa, a ruwa na janye maganata. Amma kada ku kashe masa gwiwa. Mutum nawa ne a garin nan masu shekara arba'in da ke iya gudun kilomita 7? Yawancinmu daga moto sai tabarma sai shayi mai sukari, hawan jini da ciwon suga suna ɗibar mu ɗaya bayan ɗaya, wannan ba wanda ya kira shi wauta. Wanda ya tashi ya motsa shi ne za a taru a kansa.

MaiKeke_Zango:
Baba ya faɗi gaskiya a nan. Kuma ko gwanaye abin yana kayar da su. A 2016 a Kozumel ta Meziko, Jonny Brownlee na Ingila yana gaba, saura ƴan ɗaruruwan mitoci ya gama zafi ya bugar da shi yana tangaɗi, yayansa Alistair, mai zinaren Olamfik biyu, ya riƙo shi ya kai shi layi ya tura shi. Wannan aikinsa ke nan kullum. Zafi ba ya duba jadawali.

Lokotoro_227:
Wannan labarin hujjata ce ba taku ba. In wanda ya shirya ya faɗi haka, ina ga wanda bai shirya ba? Tun da an zo maganar zafi: mai atisaye a nan ya fita bayan asuba, ya dawo kafin 8. Kada kuma a yi ta ɗura ruwa zalla lita bayan lita, gishirin jini yana iya sauka mutum ya ruɗe ya faɗi. In aikin ya wuce awa guda ana zufa, ruwan gishiri da sukari irin na masu zawo ya wadatar: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Hadiza_Jami'a:
Ina bin muhawarar shiru. Ni ɗaliba ce, mu huɗu muke gudu da sassafe da hijabinmu da dogon wando, kuma abin da muke ji daga bakin mutane a hanya ya fi gudun gajiyarwa. Ni da a ce zan samu wurin koyon iyo na mata da na fi kowa murna. Yaya Ɗan_Birni, ni shawarata akwai gajeren ai, iyo mita 750, keke 20, gudu 5. Me ya sa ba za ka koma ƙasa ka yi shi da kyau ba, sai sama?

Gwaggo_SabonGari:
Allah ya yi miki albarka ƴata. Maza ba su san komawa ƙasa ba.

Ɗan_Tanut:
Ko a bar iyon gaba ɗaya. Gudu, keke, gudu, akwai irin wannan tseren ma. Mu shirya namu a nan da sanyin hunturu, wa zai hana mu?

KabuKabu_Dole:
Ni zan bi ku a baya da moto, duk wanda ya faɗi jika guda zuwa gida.

Malam_Lakwal:
Mun yi nisa da tambayar. Ni a ganina keken da gudun jarumta ce irin ta mai taurin kai, iyon kuma ganganci ne da Allah ya rufa asiri. Yaron kwale-kwalen nan rabin lambar tasa ce.

Tsohon_Soja:
Rabi ya yi yawa, Malam. Shi ya yi iyon ko yaron?

Ɗan_Birni84:
Na gode muku duka, har da masu dariya. Likita, na je da safen nan an ɗebi jinin, sun ce in dawo jibi. Rabin Ironman ɗin ban biya ba, amma ban rufe shafin ba tukuna, ƙarshen wata rajista ke ƙarewa. Ƙanwata Hadiza, maganarki ta tsaya mini. Ƴar_Mirya kuma kin makara, Antinki tana zauren nan da wani suna, ta karanta komai, tun jiya ba ta ce mini uffan ba.

MaiKeke_Zango:
In sakamako ya yi kyau kuma Likita ya yarda, Lahadi bayan asuba a bakin hanyar Mirya. Zan zo da sifana in gyara maka sirdi. Akwai mai famfon taya a cikinku? Nawa ya lalace.

Lokotoro_227:
Ban yarda ba tukuna. Turo mini takardar in gani.